Ranar da Na Kwance wa Surukina Rawani

A gidan mijina, can ƙauyenmu kusa da Bangi, ba mai shiga rumbu sai surukina. Shi ke hawa tsani, ya ɗage murfi, ya miƙo damman hatsi, mu mata mu tara hannu daga ƙasa. 'Ya'yansa maza sun daɗe suna lallashinsa ya bar musu hawan. Ya ce shi bai ga tsufan da suke gani ba. Kowa ya sani, mai buɗe rumbu shi ne mai gida.

Wata safiya bayan girbi maza sunka tahi kasuwa, ni ke riƙe masa tsani. Ƙafarsa ta goce, ya faɗo, ƙeyarsa ta bugi dutsen da rumbun ke zaune a kai. Ya ɗan jima kwance, sannan ya tashi ya gyara naɗin rawaninsa. Tun da anka kawo ni gidan ba mu taɓa haɗa ido ba. Ranar ya dube ni.

"Ɗiyata, ba ki ga komi ba."

Na ce ban gani ba.

Kafin la'asar ya fara amai, zufa na keto masa, yana dafe ƙirji. Maza sunka dawo sunka ce zuciya ce, don irin wannan ciwo ne ya kashe ƙanensa. Anka sa surukina mota sai asibitin Madawa. Na bi su da sunan riƙon buta da tabarma.

Likitar mace ce. Ta manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta turo wata doguwar takarda mai zane kamar haƙoran zarto. Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, sai daga baya na shiga ajin manya, amma Hausarta na ji ta sarai. Ta ce zanen ya yi kama da na wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe. Sai dai tansiyo, wato awon jininsa, ya hau, bugun yana tafiya a hankali, kuma ƙwayar idonsa ɗaya ta fi ɗaya buɗewa. Ta tambaya ko ya faɗi, ko wani abu ya buge shi a ka. Yayan mijina ya ce Baba ko tuntuɓe bai yi ba. Iya saninsa ya faɗa.

Ta kai hannu za ta kwance rawanin. Tsohon, da ba ya ma gane mutane, ya damƙe shi da hannu biyu. Yayan mijina ya ce a bar masa mutuncinsa, ƙirji ke ciwo, a ba shi maganin ƙirji. Ta yi masa bayani cewa idan kai ya bugu ƙwarai, yakan rikita zuciya har ta yi kamar ita ce mai ciwon. Maganin da yake nema kuwa tsinka jini yake yi. In akwai jini na zuba cikin kai, shi zai ƙarasa shi.

Na aje buta. Na ratsa tsakanin mijina da yayansa, na ɓamɓare yatsun surukina, na warware rawanin nan ɗauri bayan ɗauri. Mijina ya ce ko na haukace. Na dubi likita na ce:

"Daga bisa rumbu ya hwaɗo da sahe, gabana. Ga wurin."

Ƙeyar ta kumbura kamar an ɗora rabin ƙwarya. Likita ta sa anka kira motar asibiti zuwa Tawa. Can hoton kai ya nuna jini, anka yi masa aiki. Zuciyar da muka ɗora wa laifi ta daidaita da kanta cikin 'yan kwanaki.

Ya dawo gida yana jan ƙafar hagu. Ya tarar yayan mijina ya riga ya hau tsani, don ciki ba ya jiran mai jinya. Yakan zauna a zaure ya ba rumbun baya. Matan unguwa sunka riƙa yi da ni, wai na tuɓe surukina gaban mutane. Na ce da su duk wadda ta fi son rawani da kan da ke cikinsa ta zo ta faɗa mini a fuskata. Ba wadda ta zo.

Maganar mata ba ta dame ni ba. Shirunsa ne ya cinye ni. In na gaishe shi ba ya amsawa. In na kai fura yana sha, amma sai na juya baya.

Bai kai damina ta biyu ba. Ana gab da rasuwarsa na durƙusa na aje masa kunu, sai na ji ya yi magana, kansa a ƙasa.

"Da kin bar ni."

"Da na bar ka, Baba, da tuni mun rufe ka."

"To, ai shi ne."

Ya ɗauki ludayi.