Anzar Baba Cindo

Ranar Talata, 9 ga Satumba, 2025, ana kiran sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Baba Cindo mai banda a asibiti a Yelwa, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Daga Allah ya zo, gare Shi ya koma, mu ma muna tafe. Kafin magariba mun kai shi makwancinsa.

Baba, shekara goma sha shida katanga ɗaya ce tsakaninmu, ni malamin firamare, kai tsohon falke mai kai bandar kifi Illela. Wasu za su faɗi kyautarka, ba kuwa za su yi ƙarya ba, don babu gida a layinmu da bai ci kifinka ba. Ni abin da na fi riƙewa shi ne ban taɓa ganin mutum mai son sanin dalili irinka ba. Ko gaisuwa muka tsaya yi sai ka jefo mini tambayar da za ta hana ni sakat har in dawo daga makaranta.

Da ka daina fatauci sai ka mai da tsakar gidanka wurin renon itatuwan arewa. Mutane na dasa mangwaro da gwaiba, kai kana jera ledojin fiya-wata cike da rairayi, ka shuka geza da magarya da aduwa. Kai ka nuna mini ƙwayar bagaruwa ba ta fita da wuri sai an zuba mata ruwan zafi ta kwana a ciki, wata kuma sai an ɗan kankare bayanta da abin yanke farce. Da ka lura irin da akuya ta ci ya fi saurin tsiro, sai ka riƙa zuwa kara ranar kasuwa kana share motocin da suka kawo dabbobi daga arewa. Inna Ladi, maiɗakinka, ta taɓa kawo mini ƙara ta saman katanga: “Malam Habibu, mazan mutane nama suka kawowa daga kasuwa, ni nawa kashin awaki shika kawo man!” Ka shuka shi ba ka san abin da zai fito ba, kuma rashin sanin ne ya fi yi maka daɗi.

Amma anza ce ta cinye maka shekara tara. Ɗan ƙaramin itace ne na ƙasar rairayi, ’ya’yansa ɗaci gare su, sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Mahaifiyarka ’yar ƙasar Adar ce, ta gaya maka da anza suka tsira a wata shekarar yunwa tana yarinya. Ta kuma ce maka anza ba za ta taɓa rayuwa a nan Yawuri ba. Ka tambaye ta dalili, ta ce ita ma ba ta sani ba. Tun daga nan ka ɗaura aniyar gani da idonka.

Shekara takwas irin yana iso maka a bushe, ka shuka, shiru. Bana wani direba abokinka, Maikuɗi, ya kawo maka ’ya’yan ɗanyu, ka shuka a ranar. Uku suka tsiro. Ranar da ta farko ta leƙo ka buga mini ƙofa da hantsi, ko takalmi babu, har na ɗauka haihuwa aka yi.

Da za a tafi da kai asibiti ni ka damƙa wa amanarsu. Suna ƙarƙashin rumfar kwano, inda ruwan sama ba ya kaiwa. Ka ce, “Kofin shayi guda, ran Juma’a kaɗai. Ko sun yi ma kuka, kak ka ƙara.”

Baba, ni ɗan masunci ne, a bakin ruwa aka haife ni. Gari duk ya jiƙe, ciyawa har gwiwa, ga ’yan tsirrai uku a busasshen rairayi. Raina bai ba ni in wuce su haka ba. Na fara da ragowar ruwan buta da safe. Da ganyensu ya soma zama ruwan ɗorawa sai na ce ƙishirwa ce, na ƙara. Cikin mako ɗaya biyu daga cikinsu suka kwanta. Ta ukun tana can lungu bayan turmi, na sha mance ta, abin da ya cece ta ke nan. Na kwashe matattun na ɓoye a bayan ɗakina, kunya ta hana ni gaya wa kowa.

Ranar Lahadi na je duba ka. Ka rame, muryarka da ƙyar take fita. Ka ce, “Ina ɗiyana?” Na ce suna lafiya lau. Ka dube ni ka daɗe, sannan ka ce, “Nawa sunka rage?”

Na ce ɗaya. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa, na kuwa cancanta. Sai na ji ka yunƙura kana neman tashi zaune.

“Daga saiwa sunka fara, ko daga ganye?”

Na ce ban duba ba.

“Haba Malam! Ka kashe abu ba ka duba yadda ya mutu ba? Tai ka gano muna.”

Na yi alkawarin kawo amsa washegari. Hidimar makaranta ta riƙe ni, na ce sai Talata da yamma. Wannan jinkirin ya fi zuba ruwan ci mini rai, kuma zai daɗe yana ci.

Bayan sadakar uku na yage ledojin biyu. Daga saiwa ne, Baba. Tsiron bai kai ɗan yatsa ba, amma saiwar ta ninka shi uku, ta sauka har gindin leda ta nannaɗe, nan ruwa ya kwanta mata ta yi baƙi ta ruɓe. Ina jin ledar ma ta yi musu gajarta. Na zauna da su a hannu na yi kuka, don na san da ka gani da ka yi murna, da kuma ka sake jefo wata tambayar.

Ina miƙa ta’aziyyata ga Inna Ladi, da ɗanka Shu’aibu da ƙannensa, da ’yan uwanka masu banda na kasuwar Yelwa. Ina roƙon masu zuwa gaisuwa, don Allah a yi alwala nesa da rumfar nan, guda ce ta rage, ta kuma fitar da sabon ganye.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haɗa ka da mahaifiyarka a Aljanna. Allah Ya ba iyalinka haƙuri, Ya sa mu cika da imani. Ni kuma Ya yafe mini, Ya ba ni ikon riƙe hannuna har Juma’a.