Kabarin Cikin Majigi

Jiya da rana maƙwabcina ya tayar da ƙaramin janaretansa, daidai lokacin da jikata take suyar gyaɗa a tsakar gida. Hayaƙin fetur ya tsallako katanga ya haɗu da ƙamshin gyaɗar, sai na lalubi kujera na zauna. Yarinyar ta ɗauka hawan jinina ne ya motsa, har ta ruga ɗauko magani. Ni kuwa warin nan ne ya ɗauke ni cak ya dire ni a wani tsohon siton gyaɗa a Gwaram, ina 'yar shekara goma, hannuna cikin hannun kakana.

Bari in gaya maka ko wane ne kakan nan, mai karatu, don in ba ka san shi ba labarin ba zai shige ka ba. Shi ne mahaifin babana. Manomi ne kamar kowa a ƙauyenmu da ke kusa da Zandam, amma duk wanda ya rasu a garin, shi ake fara kira. Shi zai karyo karan dawa ya auna mamaci, ya saɓi daginsa ya nufi maƙabarta, ya haƙa uwar kabari da 'yarta, ya dawo ya yi wanka da sutura. Ko ruwan gidan makoki ba ya sha, balle ya karɓi wani abu. Har baƙon da aka tsinta a bakin hanya ba a san danginsa ba, sai da ya yanka masa likkafani daga alawayyon da yake ajiyewa a adakarsa. Kullum maganarsa ita ce, ɗan Adam bai kamata ya kwana a sarari ba. Dogo ne, mai kaushin hannu, mai ƙarancin magana, ga taurin kai da duk zuriyarmu muka gada, har da ni mai ba ka labari.

Babana ya shiga soja lokacin da yaƙin basasa ya tashi, ina da shekara uku. Ban riƙe kamanninsa ba. Da aka gama yaƙi, abokinsa da suka tafi tare ya dawo shi kaɗai, yana ɗingishi. Kofur ake ce masa. Ya zo ƙofar gidanmu ya durƙusa, ya ajiye hular babana da layarsa a gaban kakana, ya ce sai haƙuri. Kakana ya dubi kayan ya daɗe, sannan ya ce hula ba gawa ba ce, shi bai ga kabari ba, kuma kada wanda ya sake yi masa wannan magana a gidansa. Kofur ya buɗe baki zai ƙara bayani, tsohon ya tashi ya shige ciki. To yaro ne a gabansa, abokin ɗansa, ina zai iya bin sa da magana? Haka ya tashi ya tafi, ya kafa rumfar gyaran keke a kasuwar Gwaram. Duk Juma'a sai ya zo gaisuwa, kakana ya amsa a taƙaice ya juya kai.

Sai da na girma na gane abin da kakana yake gudu. A lokacin ana ta yaɗa cewa a can kudu waɗanda suka faɗi a daji ake barin su, ungulu ta yi ta shawagi. Mutumin da ya rufe iyayen kowa a garin ba zai iya tambaya ba, don yana tsoron amsar. Gara masa ya ce ɗansa yana hanya.

Wadda ta sha wuyar wannan taurin kai ita ce mahaifiyata. Shekara huɗu tana zaune, ba ta yi takaba ba, ba ta kuma da miji. Ba ta ƙunshi, ba ta zuwa biki, ba a kuma yi mata ta'aziyya. 'Yan'uwanta sun zo daga Wurno har sau biyu, suka ce ta taso a je gaban alƙali a warware mata. Ta ce ba za ta tsallake tsohon ta je ta faɗa a gaban jama'a cewa ɗansa ya mutu ba, sai ranar da ya faɗa da bakinsa. Ni kuma nawa rabon ƙarami ne a ido, amma ya ci mini rai. Ka san al'adarmu, in babba ya ga maraya sai ya shafa kansa ya yi masa addu'a. To ni mutane sai su miƙo hannu, su tuna, su janye. Wata rana wata tsohuwa ta manta ta ɗora hannu a kaina, kakana ya ture hannun ya ce, "Jikata ba marainiya ba ce." Shi kansa tun daga ranar da Kofur ya zo bai ƙara taɓa kaina ba. Hannuna yake riƙewa, ko kafaɗata.

Ana haka, bayan an gama girbi, labari ya iso daga Birnin Kudu cewa wani mai majigi yana yawo da fim ɗin yaƙin da yaranmu suka je, kuma ranar kasuwa zai zo Gwaram. Mu majigin da muka sani shi ne na gwamnati, wanda ake nuna allurar shanu da yadda ake zuba taki, da manyan mutane suna sauka daga jirgi. Duk abin da aka nuna a ciki ya faru da gaske. Kakana bai taɓa zuwa kallo ba, yana cewa aikin marasa aiki ne. Amma da sassafen ranar kasuwa ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ce wa mahaifiyata ta yi mini wanka. A hanya ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, "In na nuna miki mutum, ki dube shi da kyau."

A shekarun nan gyaɗa ta ƙi, kuɗin mai ya shigo, sitocin da a da ake cika su da buhuna har rufi sun zama wayam. A cikin ɗaya daga cikinsu mai majigin ya kafa kayansa da rana tsaka, don mutanen ƙauyuka su samu su koma gida da ido. An toshe tagogi da tsofaffin buhuna, an rataya farin alawayyo a bango, irin wanda kakana yake yanka likkafani da shi. Injin wuta yana ta kuka a bakin ƙofa, hayaƙinsa yana shigowa. Ga zafi, ga cunkoso, mahauta da maharba da Fulani da sandunansu da 'yan talla, kowa ya baje a ƙasa. Fim ɗin ba shi da murya. Mai majigin ne, wani gajere mai bakin zuba, yake riƙe da lasifika yana fassara, shi ne harbin bindiga, shi ne kukan wanda aka harba. Ya ce wasu tsofaffin sojoji ne da samarin birni suka haɗa kai suka shirya shi da aron na'ura.

Da farko an tsorata. Da soja ya juyo bakin bindiga wajenmu, sahun gaba duka sai da ya kwanta, wani Bafulatani ya ɗaga sanda. Amma mutanenmu ba a daɗe ana ruɗarsu. Wani maharbi ne ya fara cewa wannan bindigar ai itace ce, ga sawun gizago nan a jikinta. Sai wani ya ce duwatsun da ke bayan sojojin ai na hanyar Birnin Kudu ne, shi ya sha yin kiwo a wurin. Can ana tsakiyar ɗauki-ba-daɗi sai ga akuya ta ratso fagen yaƙi da 'ya'yanta biyu, ba ruwanta. Siton nan ya ɗauki dariya har ƙura tana zubowa daga rufi.

Akwai wani mai dogon wuya da aka harbe tun farko. Da ya faɗi, wata tsohuwa mai sayar da dafaffen rogo ta ce, "Allah ya jiƙanka, ɗan nan." Jim kaɗan sai ga shi a cikin abokan gaba, ya juya rigarsa bai-bai, aka sake harbe shi, ta sake jiƙansa. Da ya mutu na uku sai ta ce, "Kai ni ka gajiyar da ni, Allah ya jiƙanka gaba ɗaya!" Wata gawa kuma tana kwance cinnaka ya cije ta, muna kallo ta sosa ƙafa a hankali. Har yau ban ga masu kallo irin na ranar ba. Ba raini a dariyarsu. Suna gyara wa sojoji riƙon bindiga, suna yi musu ihu su waiwaya ga abokin gaba nan a baya, in wani ya yi ta maza a tafa masa, alhali an san bindigarsa itace ce.

Ni ma na yi dariya har na manta abin da ya kawo mu. Da na waiwaya sai na ga kakana bai ko motsa ba. Da farko yana miƙa wuya yana bin fuskokin sojojin ɗaya bayan ɗaya. Da ya gane wasa ne, sai kafaɗunsa suka sauka. Ya kama hannuna ya ce mu tafi.

Mun miƙe ke nan sai hoton ya canza. Harbi ya tsaya. Wani soja mai furfura a gemu ya jawo abokinsa da aka kashe zuwa gindin bishiya. Ya karyo reshe ya auna tsawonsa, ya shata ƙasa, ya durƙusa yana haƙa da wuƙar bindiga, yana kwashe ƙasar da hular kwano. Mai majigi ya sauke lasifikarsa. Mutumin ya haƙa babban rami, ya haƙa ƙarami a cikinsa, ya ɗaga kai ya dubi rana, sannan shi da 'yan'uwansa sojoji suka kwantar da mamacin a kan damansa. Ya jera itace, ya rufe da ganye, ya toshe kafofi da jiƙaƙƙiyar ƙasa kafin su tura busasshiya.

Kakana ya saki hannuna ya taka gaba, inuwarsa ta rufe rabin alawayyon. Samari suka fara ihu a zauna, da aka ga ko wane ne sai wurin ya yi tsit, don da wuya a samu wanda bai rufe wa uwa ko uba ba a cikinsu. Ya ce wa mai majigi ya maido wurin. Mutumin ya fara ƙorafin fetur da zafin inji, sai jama'a suka taso masa baki ɗaya, "Maido wa Baba!" Ya maido. Kakana ya tsaya dab da ƙyallen yana kallon hannuwan mai haƙan, har aka sake tura ƙasa.

"Duk abin da suka yi wasa ne," in ji shi, "amma wannan ya taɓa rufe mutum."

Sai ya juyo yana duban duhun siton, ya ɗaga murya ya kira Kofur. Ashe yana can baya jingine da bango tun farko. Ya taso yana ɗingishi, mutane suna janye ƙafafu, ya durƙusa a gabansa.

"Haka kuke yi a can?"

"Inda aka samu hali, Baba."

"Shi fa?"

"Da hannuna na haƙa, Baba. Mu uku ne. Reshen kwakwa muka sara muka jera masa. Ni na ja salla."

Sai kakana ya yi tambayar da na tabbata ita ce ta hana shi barci shekara huɗu. "A cikin kurmin nan, yaya kuka san gabas?"

"Ba mu sani ba, Baba. Zama muka yi da shi har rana ta fito, sannan muka kwantar da shi."

Ban taɓa ganin kakana ya yi kuka ba, ranar ma ban ga hawaye ba. Salati kawai ya yi, ya ce daga Allah muke gare shi za mu koma, siton nan gaba ɗaya ya amsa. Tsohuwa mai rogo tana sheshsheƙa. Kakana ya kama Kofur ya ɗaga shi tsaye, ya ce Allah ya sa shi ma ya samu mai rufe shi. Ya juya ga mai majigi ya ce in ya koma birni ya gaishe da mai furfurar nan. Ba mu tsaya ganin ƙarshen fim ɗin ba, har yau ban san wa ya ci yaƙin ba.

Da la'asar muka isa gida. Mahaifiyata tana tankaɗe a tsakar gida. Ya tsaya a bakin zaure, ya ce da ita, "Sai haƙuri. Allah ya yi masa rasuwa, an kuma yi masa sutura." Ta ajiye rariyar a hankali, ta shiga ɗaki, sannan muka ji kukanta. Washegari aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Liman ya ce a shari'a kwanakin takabarta sun daɗe da cika, ta ce duk da haka sai ta zauna masa. Ta zauna wata huɗu da kwana goma, bayan shekara ta yi aure a Wurno, inda ta haifa mini ƙanne biyar.

Yanzu jikokina suna kallon finafinan yaƙi a waya, kowa shi kaɗai da abin toshe kunne. An kashe musu dukiya, jirage suna fashewa, gini yana rushewa, ba akuya ba cinnaka. Wani lokaci nakan leƙa ta kafaɗarsu, in ga mutane suna zuba kamar ganye, jarumi ya tsallake su ya wuce. Nakan tambaye su wa zai rufe waɗannan, su yi dariya su ce Hajiya ai fim ne. Na sani. Wancan ma fim ne, kuma na san da za su gan shi da sun ce shirme. Ban san sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka shirya shi ba, amma ba na sallar asuba ban sa mai furfurar nan a addu'a ba, har da mai dogon wuyan da ya mutu sau uku.

Abin da ban faɗa wa yaran ba, don ba na iya faɗarsa ban yi kuka ba, shi ne abin da ya faru a zaure ranar, bayan mahaifiyata ta shige ɗaki. Ina tsaye ban san inda zan nufa ba. Kakana ya zauna a kan buzunsa ya kira ni. Na zo na miƙa masa hannu kamar yadda na saba, sai ya ƙi karɓa. Ya ɗaga tafin nan nasa mai kaushi, wanda ya haƙa kabarin rabin garinmu, ya ɗora a kaina, ya shafa tun daga goshi har ƙeya.

"Allah ya raya ki, marainiyar Allah," in ji shi.