Lemun Kaka Falmata Mai Aron Ƙafa

A ƙauyenmu na bakin kogin Komadugu, can wajen Baruwa, in ɗari ya shigo ba mai raba mu da murhun Kaka Falmata. Da an idar da magariba sai ta tura kututture cikin wuta, mu jikoki mu kewaye ta, ƙafafu fururu, hanci na yoyo. Amma ba ta zama sai ta leƙa garka ta ga an naɗe itacenta da zana. Pampilimus ne, wani ƙaton lemu mai jan ciki, ɗaya yakan kai girman kan jariri. Mijinta ne ya ɗaura shi a kan gindin lemun tsami kafin ya rasu, kuma duk kwarin ba mai irinsa. Mu kam har kishinsa muke yi, don in an ce mayafi ɗaya ya rage, to, itacen za a ba.

Tatsuniyar da ta fi so ma tasa ce. "Ga ta nan," in ji ta, "ku matso, kada sanyi ya riga ku ji."

Wai wasu lemuna biyu, wa da ƙane, suka taso daga Kudu cikin kwalekwale, 'yan gayu, ganye shar. Suka tarar da lemun tsami, gajere, duk ƙaya. Ya ce musu, "Baƙi, sanyin nan garin ba ya sallama. Ku hau bayana, in ara muku ƙafa." Wan ya yi tsaki, ya ce shi da ƙafarsa ya zo. Ya gangara cikin kwari inda ƙasa ke da laima, bai san nan sanyi yake kwana ba. Ɗari na fari ganyensa ya nannaɗe, na biyu ya bushe ƙarau. Ƙanen kuwa ya yarda aka yanke shi, aka tsaga lemun tsami aka ɗaure su tare a kan tudu. Ya sha wuya, amma ya rayu, ya yi 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa.

"Shi ne wancan," sai ta nuna garka da haɓa. "Kowane iri da ƙasarsa. In za ka dasa baƙo, nema masa ƙafar ɗan gari."

Na taɓa tambayarta, "Kaka, to shi lemun tsamin me ya samu?"

"Kai, wannan miji nawa, tambaya kamar jandarma! Tashi ka ƙaro itace."

Na girma, na gaji garkar. Sai mutanen daji suka zo da bindigogi. Muka fito da abin da ke jikinmu, muka sauka sansanin Asaga cikin bukkar tamfol. Kaka ba ta ga ƙarshen ɗarin farko ba. Har ta cika tana tambaya ko an naɗe itacen, ni kuma ina ce mata an naɗe. Allah ya yafe mini.

Shekara huɗu ban taka ƙauyen ba. Na koma Diffa ina dako a kasuwar tattasai, na dasa ɗan lemun tsami a bayan ɗakin haya, ina jiran ranar da zan samo reshe ɗaya tak in ɗaura masa. 'Yata Hadiza, wadda aka haifa a gudun, ta haddace tatsuniyar, kullum tana tambayata yaushe za ta ci lemun Kaka. Da aka ce hanya ta ɗan lafa, na saci jiki na tafi, da wuƙa da jiƙaƙƙen tsumma a aljihu.

Daga nesa na hango kore, wallahi har na yi kabbara. Da na matso sai na ɗaga kai na duba. Saman ya bushe tun daga maɗaurin, ba ban ruwa, ba zana, shekara huɗu. Koren nan duk lemun tsami ne ya tofo daga gindi, ƙaya ko'ina. Na bi kowane reshe ina kankarewa da farce ko zan ga ɗanye. Babu.

Kaka ta yi gaskiya, ƙafar ɗan gari ba ta mutuwa. Abin da ba ta faɗa mana ba, shi mai zaƙin sai da mutane a kusa yake rayuwa. Mu ma ga mu nan da rai, ana ce mana mun yi ƙoƙari, amma ni na san abin da ya bushe a cikinmu.

Na tsinko lemun tsami uku, don kada in koma hannu rabbana. Hadiza ta tarye ni a ƙofa, ta fizgi ɗaya ta gatsa. Ta runtse ido, hawaye ya zubo, amma ba ta tofar ba.

"Baba, shi ne na Kaka?"

Na ce mata shi ne.