Baƙin Rawanin Baffa

Ɗazu ƙwai ya fashe mini a tafasasshen ruwa, farinsa ya daskare, sai na tuna Baffa, malamin ɗakin magani na Gumel farkon zamanin Turawa. A ƙarƙashinsa na yi aiki.

Yakan dafa fitsarin majiyyaci a siririyar kwalba, ya ɗiga ruwan tsami. In ya yi gajimare kamar farin ƙwai, to ƙoda na yoyon abin da ke gina jiki.

Ran nan aka kawo mai ciki daga Gagarawa, ƙafafu a kumbure. Na gwada fitsarinta, na ce garau yake. Baffa ya karɓi kwalbar, ya kara ta da baƙin rawaninsa mai ƙanshin shuni. Ga gajimaren nan, siriri kamar hayaƙi.

Ya ce, "Ɗana, fari ba ya nuna kansa sai a kan baƙi."

Aka kwantar da ita, ta sauka lafiya. Mijinta ya yi ta sa wa Baffa albarka, ni ko kallo ban samu ba. Na sayo rawani irin nasa, amma ido ba a kasuwa yake ba. Har ya rasu ina kishin idon nan.

Allah ya haskaka kabarinsa, ni kuma ya yaye mini nawa gajimaren.