Rakiyar Yaya Ashafa a Kan Dutse

Yayana Ashafa injiniya ne a wani asibiti a Manchester, kuma ba shi da aibu sai rakiya. In ka je flat ɗinsa a Hulme, zai taka maka zuwa tashar bas, bas ta zo ya ce bari ya ga ka zauna. Wallahi ni Kubura sau biyu yana kai ni har Birmingham da silifas.

Shekarar da aka matse bakin aljihun gwamnati, hukumar gari ta janye motar da ke kwaso tsofaffi zuwa cin abincin rana a wata cibiya a Cheetham Hill. Abin ya tsaya masa a rai. Wani mai sito, Alhaji Uba, ya tsokane shi: in ya gama tseren agaji na dare da ake yi a duwatsun bayan gari kafin a rufe ƙofar ƙarshe da ƙarfe biyun dare, zai ba cibiyar mota. Mutum mai tumbi, ga shekara arba'in da bakwai! Na ce, "Yaya, rufa mana asiri." Ko a jikinsa. Wata huɗu yana atisayen gudu yana haki a Oxford Road.

Daren tseren na zo, na tsaya a ƙofar ƙarshe ina rawar sanyi. Shi kuwa yana can sama da fitila a goshi, taɓo har gwiwa, kuma abin mamaki yana cikin lokaci. Sai ya tarar da wani dattijo cikin 'yan tseren, Tomas, ya gurɗe ƙafa, zai koma wurin masu agaji. Ga fitilarsu ma ana hangowa. Tomas ya ce ya wuce, shi zai iya.

Ina! Dattijo, cikin duhu? Yaya ya ce bari ya ɗan taka masa. Ya kai shi har tantin masu agajin, ya ga an naɗe ƙafar, sannan ya tuna tsere yake.

Ya iso biyu da minti tara. Na buɗe baki zan zazzaga masa masifa, sai na ga ya zauna a taɓo yana hawaye. Tausayinsa ya kama ni, na fasa.

Alhaji Uba ya ce sharaɗi sharaɗi ne, bai ba da motar ba. Har yau ina jin haushinsa.

Yanzu duk Asabar Yaya ne ke kwaso tsofaffin a 'yar motarsa, sawu uku. Na huɗun Tomas ke yi, yana ɗingishi.