Malam Lanƙwasa da Kalkuletar Kwali

Shekara goma sha ɗaya muna zama tebur ɗaya da shi a ɗakin malamai, ni ina koyar da tarihi, shi lissafi, kuma ban taɓa ganin hannun rigarsa babu alli ba. Ɗalibai ne suka laƙaba masa Malam Lanƙwasa, domin duk abin da ya gani sai ya ce akwai lissafin da zai zana shi: igiyar shanya, bakin kofi, har tumbin shugaban makarantarmu, wanda Malam ya ce shi kam sai an haɗa lissafi biyu.

Saura shekara huɗu ya yi ritaya wata ƙungiya ta ba makarantar kalkuleta arba'in, irin masu faffaɗar fuska, waɗanda in ka danna musu lissafi sai su zana maka layinsa, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe. Ranar Malam ko abincin rana bai iya ci ba don murna. Shugaba kuwa ya jera su aka ɗauki hoto, ya mayar da kowacce cikin ledarta, ya zuba su a kabad ɗin ofishinsa, ya danna kwaɗo.

Malam ya bi shi. "Ranka ya daɗe, yaushe yara za su fara taɓawa?"

"Taɓawa? Malam, ka san hannun yaran nan kuwa? Abin da ba a taɓa ba ai ba ya lalacewa. In baƙi suka zo, me za mu nuna musu?"

Da wani ne da ya haƙura. Malam sai ya roƙi a bar shi ya kalli guda ɗaya ta cikin ledarta, ya kwafe maɓallanta tsaf, ya tafi da littafin bayaninta gida. Ya yanka kwali arba'in, ya zana wa kowanne maɓallai. Da babu gara ba daɗi, in ji shi. Duk Laraba yara su danna kwali, sannan su zana a takarda mai gida-gida abin da injin zai nuna da a ce yana nan. Sun zana kifi, sun zana lema, sun zana gida har da taga. Daga bayan aji Malam zai ce, "Kin manta alamar ɗebewa, goge ki sake." Yarinya kuma ta danna maɓallin gogewa na kwali, fuskarta ba wasa.

Mu malamai mun sha dariya, ni na fi kowa, Allah ya yafe mini. Wata rana muna shan shayi ya ce mini, "Ka san tsorona? Ban taɓa kunna abin nan ba. In fa ƙarya nake koya musu shekara huɗu?" Burinsa ke nan kaf: kafin ya ajiye alli, ya ga yaransa sun danna ta gaske, ya san matsayinsa.

Saura mako biyu ya tafi sai ga mai duba makarantu ta zo, wata dattijuwa mai tabarau. Shugaba ya miƙa mata hoton nan. Ta ce gani ya kori ji, a hannun yara take son ganinsu. Shugaba ya laluba aljihu uku kafin makulli ya fito. Da kansa ya sa batir, yana rabawa yana gargaɗi: "A hankali, da yatsa ɗaya."

Malam ya tsaya gaban aji. Ya ce, "Darasi na tara."

Yatsun yaran suka hau gudu kamar da abin aka haife su. Na leƙa ta kafaɗar wata ɗaliba. Layi huɗu suka fito suka haɗa akwati, wani ya lanƙwaso ta sama ya sauka daidai kan kafaɗunsa, sai ɗan da'ira a tsakiya. Kwaɗon kabad ɗin Shugaba ne sak, guda arba'in, ko ɗaya bai karkace ba. Malam ya bi layi yana dubawa, ya cire tabaransa ya yi ta gogewa. Ni dai kunya ce ta kama ni.

Dattijuwar ta ce, "Malam, me ya sa kwaɗo?"

"Ranki ya daɗe, yaro abin da ya fi gani shi yake zanawa."

Shugaba ya fi kowa dariya. Ya ce ai darasin kula da kayan makaranta ne, shi ya ba da shawarar.

Kafin a tashi ranar, kowace kalkuleta ta koma ledarta. Bayan mako guda rahoto ya iso, an yaba wa Shugaba bisa yadda kayan suka shekara huɗu kamar jiya aka kawo su, an kuma ce sauran makarantu su yi koyi da shi. Ya sa takardar a firam ya rataye saman kabad ɗin.

Ranar da Malam zai tafi, ya ɗaure kwalayensa arba'in da roba, duk sun yi laushi saboda dannawa, ya miƙa wa sabon malamin lissafi.

"Riƙe su da kyau, ɗana. Na gwada, daidai suke aiki da na cikin kabad."