Matuƙin Jirgin da Bai San Ja da Kore Ba

A shekarun fari, ina kwalej a Magariya, aka kai mu Damagaram wasan ƙwallo. A can na fara ganin jirgin sama a ƙasa. Na soja ne, ya kawo dawar taimako. Sauran yara buhuna suke kallo, ni kuwa idona na kan mutumin da ya sauko daga gaban jirgin, sanye da baƙin tabarau, yana taku kamar ƙasar ba ta isa ya taka ta ba. Kafin kamiyonmu ya iso gida na gama yanke shawara, matuƙin jirgi zan zama.

Ban bar zancen a cikina ba. Na gaya wa 'yan ajinmu, na gaya wa mai gyaran keke, har tsohuwar da ke tuyar ƙosai a ƙofar lakwal, wato makarantarmu, sai da ta ji. Ba a jima ba aka laƙaba mini Kaftin, ni kuma nake amsawa ba kunya.

Bayan mun gama kwalej aka yi shelar za a ɗauki samari a makarantar soja, masu ƙoƙari a cikinsu a tura su waje koyon tuƙin jirgi. Mushenmu, wato malaminmu na lissafi, ya ce da ni, "Kanka na ja, amma fa ido suke dubawa kafin komai." Dariya na yi. Ni da nake hango raƙumi tun daga bayan gari, in faɗi ko da kaya ko babu? Duk da haka na shiga shiri. Kawuna ya sayo mini kwalli a kasuwar Sassumbrum, na riƙa rambaɗa shi safe da yamma, har 'yan mata suka fara tambayata inda ake sayarwa.

Ranar awo a barikin soja, aka tuɓe mu, aka auna tsawo da nauyi, aka leƙa haƙora. Sai muka shiga wurin lokotoron ido, wani soja mai furfura. Ya nuna allon haruffa a jikin bango, na karanta tun daga sama har ƙasa, na ɗora da ƙanƙanin rubutun da ke can gefe.

"Ba a tambaye ka wannan ba," in ji shi.

Ya buɗe wani littafi, kowane shafi cike da ɗige-ɗige masu launi. "Wace lamba ka gani?"

Na farkon na faɗa nan take. A na biyu sai na yi murmushin wanda ya gano tarko, na ce, "Ranka ya daɗe, babu lamba a nan." Ya juya shafi, na ce babu. Ya sake juyawa, na ce nan ma babu. Ya kira wanda ke bayana a layi, wani ɗan Dancawo da muka wuni muna yi wa dariya don yana runtse ido, shi kuwa ya karanto lambobin tsaf. Sannan lokotoro ya zuba mini guntayen zare a kan tebur, ya ce in ware ja daga kore. Na ware da sauri, na ja da baya, na ƙame kamar soja. Majo, wato malamin asibitin da ke taimaka masa, ya juya baya yana tarin ƙarya.

"Yaro," lokotoro ya ce, "kana hango nesa, amma ja da kore duk ɗaya ne a wurinka. Mai jirgi da fitilun nan yake sanin ya sauka ko kada ya sauka."

"To in na sa tabarau fa?"

"Ba ya magani. Haka aka haife ka."

Na koma ƙauyenmu kusa da Bande, ina jiran a yi mini jaje. Babana ya bayyana wa Inna abin da aka ce. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Sai ta dubi ƙanwata, hannunta na ɓarar gyaɗa.

"Sai da soja suka gaya masa? Wancan da in an aike shi lambu tsinkar tumatir ya cika ƙwarya da ɗanye, ya rantse ya nuna? Ni na ɗauka wauta ce kawai."

"To, ashe ba wawa ba ne," in ji Baba. "Mun gode Allah."

Ƙanwata ta ce, "Yaya, jar hular nan da kake taƙama da ita ranar salla ma koriya ce shar." Aka kwashe da dariya, ni kaɗai ban ga abin dariyar ba, sai bayan shekaru.

Makarantar malamai na shiga, aka tura ni koyarwa Dungas. Watannin farko da koren bik, wato biro, na yi ta gyara wa yara aikinsu maimakon ja, ina ta yi musu faɗa in sun taɓa mini jan bik ɗina. Haka na yi ta yi, sai da darakta ya ja ni gefe ya tambaye ni ko wata sabuwar doka ce ta zo daga Yamai. Daga ranar matarsa ce take zaɓar mini bik, ta ɗaura masa tsumma a gindi don in gane shi.